Kaka Ya Share Gidan Tsutsa

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan karatun ungozomancin nan da ya raba mu yana tafiya yadda kike so. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu ta rage tsiya tun da sanyi ya janye. Kunnuwan dai suna nan yadda kika bar su, saboda haka ki daina wahalar da kanki da kiran waya. Ina ganin sunanki yana haske, in ɗauka, in ji kamar ana zuba tsakuwa a bokiti. Takarda ta fi mini. Ba don in yi wa aljihu ado da biro na zauna ajin yamma da furfurata ba. Direban motar safe ya ce zai riƙa kai miki har ƙofar asibitinku.

Yanzu in a tsaye kike, nemi wuri ki zauna. Ƴarki Kurciya ta yi magana.

Ba gurnanin nan da nuni da yatsa da muka saba ba. Magana mai kai da ƙafa.

Ga yadda aka yi. Tun da ruwan farko ya sauka itatuwa suka yi toho, Malamar makarantarsu ta ƙananan yara ta fito da wani tsari. Ranar Laraba da hantsi ba a zaman aji. Kowane yaro ya zo da babba guda, uwa ko uba ko kaka ko mai raino, a fita filin bayan makaranta inda ɗan rafi ya ratsa. Ana ba kowane yaro kofin roba da gilashin nan mai ƙara wa abu girma, a sake su. Mu manya doka ɗaya aka kafa mana: kada mu riga yaro. Ba nuni, ba faɗin sunan abu sai ya tambaya. Na ce, “Malama, mu da muka zo da wadda ba ta tambaya fa?” Ta ce, “Kai Kaka, sai ka fi kowa iya jira.”

Da farko ƙafar wandona ta riƙe har aka tashi. Daga baya ta fara saki. Larabar nan kuwa sai na ga ta nufi wani lungu da ciyawa ta yi tsawo, ta kwanta rub-da-ciki a cikin laka, hancinta kamar zai taɓa ganye. Na bi ta na durƙusa da ƙyar. Wata tsutsa ce koriya, mai ɗigo-ɗigo a baya, tana ta aikin ganyen. Yarinyar nan ta daɗe tana kallo. Can ta juyo ta kama kunnena na dama, ashe ta san wanda ke ɗan ji, ta sa bakinta a ciki ta ce, “Kaka, tana cin abinci.”

Ni da na ƙarar da ƙarfina ina kashe irin tsutsar nan a lambun ma’aikata, sai ga ni durƙushe ina yi mata godiya. Hawaye ya zo mini, Auta. Akwai wata tsohuwa a cikinmu, Mai Ɗinki, kakar wasu tagwaye, bakinta ba ya hutawa. Ta ce, “Tsoho, ƙwaro ne ya faɗa maka a ido?” Na ce, “Babba ma kuwa.”

Mun dawo rigarta sharkaf. Ta ɗan yi tari da yamma, amma ta cinye abincinta tas. In babanta ya samu kiran ki daga jirgin ruwan da yake aiki a ciki, ki ba shi labari. Ke dai ki kwantar da hankalinki ki yi karatunki. Tana cikin walwala, ko nemanki ba ta yi.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka, na kuma gode wa Allah da gwiwa ta yi sauƙi. Ni ma lafiya, sai dai tsayuwa da ta kumbura mini ƙafafu. Na karɓi takardarka ina fitowa daga ɗakin haihuwa, a bakin famfo na karanta ta, hannuna ko bushewa bai yi ba.

Na yi murna, Baba. Amma ba zan ɓoye maka ba, wani abu ya tokare ni. Tun da na haife ta nake jiran bakin nan ya buɗe, sai ya buɗe ba na nan, a kan tsutsa.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Rub-da-ciki a laka. Riga sharkaf. Tari. Ka jera su a ƙasan takarda kamar labarin kajin maƙwabta. Ka manta sanyin da ya wuce, da aka kwantar da ita da robar iska a hanci, haƙarƙarinta yana shiga yana fita? A nan kullum sai na wuce ta ɗakin yara masu ciwon ƙirji, ina ganin iyayensu a zaune a ƙasa. Sannan doguwar ciyawa a bakin rafi, wa ya san abin da ke ƙarƙashinta? Maciji, kunama, fasasshiyar kwalba. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: in numfashinta ya sarƙe a bayanka, kai ba za ka ji ba, ita kuma ba za ta kira ba.

Gwaggonta ta kira ni jiya. Ta sake maimaita abin da ta faɗa tun kafin in taho, cewa a ba ta yarinyar. Gidanta a bene yake, ba danshi, tana da mota, asibiti yana kusa da ita. A lokacin na ƙi, saboda kai ka roƙe ni, ka ce tun da Inna ta rasu gidan ya yi maka faɗi. Yanzu na fara tunanin ko na yi kuskure.

Ka ce ko nemana ba ta yi. To, na gode da ka sanar da ni. Ban san na kai nan ba.

Don Allah ka dakatar da fitar Laraba.

Autarka.

*

Auta,

Bayan gaisuwa da addu’ar Allah ya sauƙaƙa miki ƙafa. Ki riƙa ɗora su a kan matashi in kin dawo, haka uwarki take yi. Mu lafiya. Tarin nan ko kwana bai yi ba.

Zan fara da inda na ɓata miki rai. Da na ce ba ta nemanki, nufina ta daina kukan da take yi a bakin ƙofa. Ke da kika fi ni karatu ki yi mini uzuri, har yanzu in na saki magana a takarda ban san inda za ta faɗi ba. Shuɗin mayafin nan naki da kika manta a kan ƙofa, da shi take kwana. Na so in wanke shi ta cije ni a hannu. Ga shaidar haƙoran nan.

Sai na biyu. Ban dakatar da fitar ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Na dai gyara shiri. Na samo mata takalmin ruwa mai tsawo da rigar leda. Abin shaƙarta na ciwon ƙirji yana aljihun gabana, na ɗinke bakin aljihun da maɓalli. Maganar kunne kuwa ta yi mini zafi, amma gaskiya ce, saboda haka na nemi aron kunnuwa. Na roƙi Mai Ɗinki ta riƙa zama kusa da mu. Ta ce, “Wato in yi gadin tagwaye, in yi gadin jikarka, in yi gadinka. Kai ma a sa maka rigar leda?” Amma ta yarda. Ko tari Kurciya ta yi sai ta zungure ni da gwiwar hannu, har haƙarƙarina ya fara tsami.

Da kin ga filin nan yanzu. Akwai wani maigadi da ke zuwa kai tsaye daga aikinsa da ɗansa a wuya, yana gyangyaɗi a tsaye, yaron yana cika masa hula da dodon koɗi. Akwai wata mai raino da ke tsoron kwaɗo, yaran sun gane, kin san sauran. Tagwaye sun sa wa lungun nan mai ciyawa suna gidan tsutsa, yanzu kowa haka yake kiran sa. Can Kurciya take nufa da mun iso. Kalmominta suna ƙaruwa. Ta ce “jiƙe”. Ta ce “nawa ne”, ta faɗa wa ɗaya daga cikin tagwayen, da ƙarfi har ni na ji. Larabar nan ta leƙa ƙarƙashin ganye ta ce mini, “Tana barci. Yi shiru.” Ni ake ce wa in yi shiru, Auta. A gida dai har yanzu ba ta cewa komai, sai a can. Shi ya sa nake roƙonki. In aka hau da ita bene aka rufe ƙofa, ina tsoron bakin ya koma.

Game da doguwar ciyawa, kin yi gaskiya, ni ma ta daɗe tana ci mini ido. Wuri ya zama kamar ba shi da mai shi. Na lura Malama ta kafa fegi ta ja igiya ta zagaye lungun. Ai na gane. Ba ta da mai yi mata ne, kuma kunya ba za ta bar ta ta roƙi tsoho ba. Ki bar ni da wannan. A takarda ta gaba za ki ji labarin da zai sa ki yi barci.

Ki ce wa Gwaggo ina gaishe ta, ta ɗan dakata.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa?

Kullum ina tare direba, kullum sai ya buɗe mini tafin hannu. Ka ce takarda tana zuwa, ga shi Laraba ta wuce, wata ta sake wucewa. Na kira wayarka har na gaji.

Gwaggo ta ce ta biya ta gidan. Ta tarar da ku a zaune a tsakar gida kamar masu zaman makoki, kai a kan tabarma, ita a bayan ƙofa da mayafi a ka. Ta ce yarinyar ta rame, abinci sai an yi da gaske. Ta tambaye ka, ka ce ba komai.

Ƙirjin ne? An je asibiti ka ɓoye mini? Ko wani abu ya cije ta? Jiya wurin awon ciki na riƙe hannun wata mata ina ƙirga bugun jini, na rasa inda na tsaya, har malamarmu ta fitar da ni waje. Jarrabawa tana gabana, ba za su bar ni in taho ba.

Na ce wa Gwaggo ta gyara ɗaki. Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Autarka.

*

Auta,

Ina gaishe ki. Ki fara jin wannan: ƙirjinta lafiya, ba a je asibiti ba, ba abin da ya cije ta. Na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa. Ki yafe mini shirun.

Ni ne na yi ɓarna.

A wurin aikinmu na da, in shugaba ya kafa fegi ya ja igiya, magana ɗaya ce: a nome nan. Ba a tambaya. Wanda ya tsaya tambaya ma rago ake kiran sa. Hannuna ya saba da haka tun kafin a haife ki. Saboda haka ranar Asabar da safe na bar Kurciya wurin maƙwabciya, na ɗora fartanya da lauje da manjagara a baro, na tafi filin. Ba kowa. Na yanke ciyawar nan, na tuge saiwoyi, na farfasa ƙasa, na baje ta sumul, na gyara gefe ya miƙe kamar an ja da rula. Na ga wasu ƴan zarurrukan ulu masu launi ɗaure a jikin kara, na ce shara ce iska ta kawo. Na kwashe komai na kai juji, motar shara ta zo ta tafi da shi. Na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. A raina har na gama rubuta miki: Auta, wurin ya zama tas, ko allura ta faɗi za a gani, bare maciji.

Ranar Laraba na sa sabuwar hula.

Yaran suka rugo kamar kullum, suna isa bakin igiya suka tsaya cik. Sai ɗan maigadi ya fashe da kuka, tagwaye suka kama. Malama ta iso, ta dubi ƙasar, ta dubi mu manya. Ban jira ba, na matsa kusa da ita na ce, “Ni ne. Na ga kin ja igiya.” Har lokacin ina tsammanin godiya.

Ta ja ni gefe inda yara ba za su ji ba. Ba ta ɗaga murya ba, sai da na karkata kunne. Ta ce igiyar ta hana shiga ce. Tsutsotsin sun gama ci, sun naɗe kansu a ƙarƙashin ganye, kowane yaro ya ɗaura zare a karan da tasa take, suna jiran ranar da za su fashe su fito da fukafukai. Ta ce, “Na Kurciya ja ne. Ita ta ɗaura da hannunta.” Ta ce laifinta ne da ba ta yi wa manya bayani ba. Wannan ya fi mini zafi a kan ta zage ni.

Na san tsutsa tana zama malam-buɗe-littafi, Auta. Wane mai lambu ne bai sani ba? Sai dai ban taɓa jiran ɗaya ba.

Mai Ɗinki ce ta biya bashin zagin. Ta ce, “Ka yi wa fili aski kamar kan ɗan bursuna. Wa ya aike ka? An ce kada ka riga yaro, kai har Malamar ka riga.”

Kurciya ba ta yi kuka ba. Ta shiga ƙarƙashin igiya, ta je daidai inda take kwanciya, ta tsuguna, ta tona ƙasa da yatsa. Ta koma gefe ta sake tonawa. Har aka tashi tana yi. Malama ta gaya wa yara cewa an share wurin bisa kuskure, ba ta ce wane ne ba. Tun ranar ban sake jin muryar yarinyar nan ba. Larabar da ta biyo baya na ɗauko takalmin ruwa, ta shige bayan ƙofa.

Na roƙe ki ki bar mini ita don bakinta ya buɗe, ga shi da hannuna na rufe shi. In kin ce Gwaggo ta zo, ba ni da bakin hanawa.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Na gode wa Allah da ba ƙirjin ba ne. Da na kai wannan layin sai da na zauna a kan matakala.

Sauran kuma ban san yadda zan yi da shi ba. Na yi fushi har na ninke takardar na jefa a jaka. Da rana na ciro na sake karantawa, na hango ka da sabuwar hula, dariya ta kama ni, ta juye ta zama wani abu. Na san ni na cika ka da maganar maciji da kwalba. Amma ka bar ni cikin duhu ina tunanin ƴata tana kan gadon asibiti, wannan ba fartanya ta yi shi ba.

Ga abin da na yanke, kuma babanta ya yarda. Gwaggo za ta zo ranar Asabar ta ɗauke ta. Yarinyar ba ta ci, kai ma an ce ba ka ci, ba zan iya riƙe ku biyu a raina ina shiga jarrabawa ba. Ka haɗa mata kayanta, da abin shaƙa, da mayafin.

Kafin nan akwai abin da nake so ka yi. Ka gaya mata kai ne. Na san ƴata. Ba ta iya ajiye abu in ba ta san inda ya tafi ba. Yanzu haka tana can tana neman tsutsarta a cikin kanta, tana tsammanin ko ita ce ba ta duba da kyau ba. Ka gaya mata da baki, ba kwana-kwana, ko da za ta ƙi ka.

Ban rufe ƙofa ba. Na gaya wa Gwaggo, duk ranar da Kurciya ta buɗe baki da kanta ta ce a mayar da ita wurinka, a mayar da ita, ba sai an jira ni ba. Amma da bakinta, ba da kuka ko nuni ba, kuma kada wanda ya sa mata maganar. Na san abin da nake nema yana da wuya ga yarinyar da ko a gidanku ba ta magana. Haka dai na iya.

Ka ci abinci, Baba.

Autarka.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Ni lafiya ƙalau, har na fi lafiya. Na san Gwaggo ta riga ni da waya, amma ita kanun labari take bayarwa. Ki ji nawa.

Na yi yadda kika ce. Ranar Asabar da safe na haɗa jakarta na ajiye a bakin ƙofa. Na same ta a bayan ƙofar ɗaki, na durƙusa har idona ya yi daidai da nata. Na ce, “Kurciya, tsutsarki ba ɓata ta yi ba. Ni na yanke ciyawar. Na zata gyara nake yi. Na zubar da ita da jan zarenki, ba za ta dawo ba. Ba laifinki ba ne, nawa ne.” Ta dube ni. Ta sauke ido ta dubi hannuwana, ta daɗe tana dubansu, har na rasa inda zan sa su. Da motar Gwaggo ta tsaya, ita da kanta ta ja jakar a ƙasa har bakin titi. Ta hau. Na tsaya ina ɗaga hannu, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ba zan ba ki labarin kwanakin da suka biyo baya ba. Na dai gane agogon bango yana da ƙara, ni da ba na ji.

Ranar Laraba na rasa abin yi da kaina, na tafi filin ni kaɗai. Na ce wa Malama in ba ta son ganina, in koma. Ta ce, “Zauna, Kaka.” An yi ruwa a tsakani, kuma kin san halin ciyawa. Ta fara tsirowa a inda na nome, ƙanana-ƙanana, kore shar. Duk rayuwata in na ga haka haushi nake ji. Yaran sun kwanta a bakin igiya da gilasansu suna gardamar wadda ta fi tsawo. Malama ta ce musu yanzu za su ga yadda gidan yake ginuwa tun daga ƙasa, in ganye ya yi yawa masu fukafukai za su zo su yi ƙwai. Ɗan maigadi ya tambaya ko gobe ne. Mai Ɗinki ta matsa mini wuri a kan benci ta ce, “Wanzami, yau ba ka zo da aska ba?” Na ce na yi ritaya. Ta miƙo mini shayi a murfin fulas.

Ina cikin sha ta zungure ni har ya zube. Na ɗaga kai. Gwaggo ce take ratso filin da takalminta mai tsini, yana nutsewa a laka tana zaro shi, Kurciya a gabanta tana jan ta da gefen zane.

Ga abin da Gwaggo ta ce, a gaban Malama da Mai Ɗinki, saboda haka akwai shaidu. Tun da ta kai ta gida yarinyar ba ta ce uffan ba, kullum tana tsaye a taga. Yau da safe Gwaggo tana waya da wata, ta ce ai yau Laraba. Sai ta ji an ja mata hannun riga. Kurciya ta ce, “Kai ni.” Gwaggo ta ce wayar ta kusa faɗuwa. Ta ce, “Ina?” Yarinyar ta ce, “Wurin Kaka.” Gwaggo ta ce, “Ayya, kin yi kewarsa ko?” Yarinyar nan ta girgiza kai. Ta ce, “In ba na nan zai sake.”

Gwaggo ta ce, “Ni dai na ji da kunnena, kuma kunnena ba irin naka ba ne. Jakarta tana mota. Ka biya ni takalmi.”

Kada ki zata gudu ta yi ta rungume ni. Ko kallona ba ta yi ba sai da ta zagaya igiyar nan kaf, tana duba kowane fegi. Sannan ta zo ta kama yatsana, ta tashe ni daga benci, ta kai ni can baya inda ko na miƙa ƙafa ba zan taɓa igiya ba, ta nuna ƙasa. Na zauna. Ta kama kunnena na dama ta ce, “Ba taɓawa.” Na ce na ji. Ba ta yarda ba. Ta ɗauki hannuna ɗaya ta tura ƙarƙashin cinyata, ta zagaya ta tura ɗayan. Ta koma ta kwanta a tsakanin tagwaye. In ta ɗan jima sai ta ɗago ta harare ni, ta ga ina nan, ta mayar da kai.

Ba ta yafe mini ba tukuna. A gida ma yanzu tana magana, amma duk umarni ne. Ta ci abinci sosai, ta sa ni ma na cinye nawa tana tsaye a kaina. Auta, ban taɓa samun shugaba mai tsanani irin wannan ba, ban kuma taɓa son aiki haka ba.

In kin ga rubutun yau ya karkace, ki yi haƙuri. A kan hannuwana na zauna har aka tashi, har yanzu yatsun ba su gama dawowa ba.

Mahaifinki.